Maganin Kububuwa a Bututun Gilashi

Anka, 6 ga Maris, 1983

Malam Dalhatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Bilkisu da yara. Kwalabe uku na maganin saran kububuwa da ka karɓo wajen Kawunka Dodo na Bukkuyum sun iso.

Sai dai ina cikin matsala. Ka san aikin, tunda benci ɗaya muka zauna a makaranta: a zuba magani a bututun gilashi mai cike da jel, ƙwayoyin nan masu laushi da ke tace shi, ya tsiyaye a hankali, manyan sinadarai su riga ƙanana fita, alƙalamin na'ura ya zana wa kowanne tsauninsa a takarda. To ni tudu ɗaya nake samu, mai faɗi da doguwar jela. Dakta, shugaban aikinmu da ke son sanin abin da ke cikin maganin, ya zo daga Sakkwato ya gani, ya ce laifin hannuna ne. Ya ba ni zuwa ƙarshen Afrilu, in ba haka ba ya sallame ni. Ka taimake ni da shawara.

Taka 'yar'uwa,
Cecilia Simon

Gummi, 15 ga Maris

Sista Cecilia,

Muna amsawa, Bilkisu na gaida ki. Kada ki tada hankalinki, ke da kika fi mu duka a aji! Ina jin iska ce ta shiga jel ɗin. Ki juye shi, ki bar shi ya huce daga sanyin firij, ki sake cika bututun a zubi ɗaya. Ki duba ko ya karkace, ki kuma rage gudun ruwa. Allah Ya ba da sa'a.

Naki,
Dalhatu

Anka, 9 ga Afrilu

Malam Dalhatu,

Bayan gaisuwa, sau huɗu na sake cika bututun nan, har bayana ya ƙage. Na gwada shi da shuɗin rini, ya sauka siriri kamar zobe, ko karkacewa babu. Ina zuba maganin, sai ya riƙa gangarowa yatsa-yatsa. Ashe bututu lafiyarsa lau. Maganin ne ya cika kauri, har yana danƙo a yatsa. Ko ka san yadda Kawu yake haɗa shi? Kai kaɗai nake da shi da zan tambaya.

Cecilia

Anka, 4 ga Mayu

Dalhatu,

Ba ka amsa ba, kuma yanzu na san dalili. Takardar sallamata ta zo ranar Litinin. Washegari na shiga mota zuwa Bukkuyum, na sami Kawu Dodo a zaurensa. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini fura. Da na tambaye shi sai ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, ai Dalhatu ya sani, gabanai ni ka zuba ƙaro. Maganin gidanmu ba shi hita wurin baƙo sai an lulluɓe shi."

Ashe ƙaron ne ya kawo kaurin da ya ɓoye sinadaran. Ban ga laifin tsoho ba, gadonsa yake tsarewa. Amma kai? Ka zauna ka rubuta mini in rage gudun ruwa, kana sane! Raina ya ɓaci, Dalhatu, ban taɓa jin zafin mutum haka ba.

Cecilia

Gummi, 10 ga Mayu

Sista Cecilia,

Ina gaida ki, ko da ba za ki amsa ba. Kawu ne ya raine ni, kuma ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Na ɗauka Dakta zai gaji ya bar maganin, wallahi ban zaci kanki abin zai faɗo ba. Da wasiƙarki ta biyu ta zo, kunya ta hana ni ɗaukar biro. Ki yafe mini. Ina roƙon ki kuma, kada maganar ƙaron nan ta kai Sakkwato.

Naki,
Dalhatu

Anka, 19 ga Mayu

Dalhatu,

Kafin in miƙa makullin ɗakin gwaji, na cire ƙaron da sifirit na sake zubawa. Tsauni biyar suka fito, kowanne tsaf. Takardar tana cikin akwatina. Ban ba Dakta ba, ban kuma ƙona ta ba.

Gobe zan bar Anka. Ka gaida Bilkisu.

Cecilia Simon