Gwangwanaye Bakwai a Ƙarƙashin Gado

Kura,
9 ga Maris, 2004.

Zuwa ga aminina Baballe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai dai tun rasuwar matata Kubra gidan ya yi mini girma. In na dawo daga gonar tumatir, ba ni da abokin magana.

Ka tuna gajerun finafinan ban dariya marasa magana da muke yawo da su ƙauyuka a motar majigi, ni ina kan na'ura, kai kana yi wa mutanen ciki baki da Hausa? Bakwai suna nan cikin gwangwanayensu a ƙarƙashin gadona tun da aka rufe ofishinmu. Makon jiya wani mutumin Ikko mai tara irinsu ya yi ta cigiya har ya same ni. Sai da ya sa safar hannu kafin ya taɓa su. Ya ce biyu daga ciki bai san wanda ke da irinsu ba, kuma warin tsamin da suke yi alamar lalacewa ce, zafin ɗakina zai ƙarasa su.

Zai dawo da ƙaramar na'ura. Ka daure ka zo mu kalla tare kafin in yanke shawara.

Naka,
Ibrahimu.

Kura,
2 ga Yuni, 2004.

Aminina Baballe,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Saƙonka ya iso cewa ƙafa ta hana. Na ba mutumin Ikkon nan finafinan duka, don ban so su ruɓe a hannuna. Ya cika alkawari, ya aiko mini da su a faifan sidi.

Na kai faifan gidan kallon Sammani bayan la'asar, matasa suka cika benci. Da mai tumbin nan na cikin fim ɗin ya fito da tsani a kafaɗa, sai aka hau ihu wai a ƙara murya. Na miƙe zan yi musu irin naka, na buɗe baki, ba abin da ya fito. Shekara goma sha biyu ina bayanka, ashe dariyar mutane kawai nake saurare. Suka zame ɗaya bayan ɗaya, Sammani ya sa musu na Indiya.

Don Allah ka sa a ɗauki muryarka a kaset, ko ta fim ɗaya ce. Ka riƙa dakatawa a inda ka saba dakatawa. A ɗaki zan kunna, ni zan yi dariyar.

A gaida kowa da kowa.

Amininka,
Ibrahimu.