Ƙusar da Ka Ɗaure

Baban Safiya,

Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta kai hannunka ba. Amma aikin gidan rediyo ya koya mini in rubuta abu idan ban gane shi ba, to ga ni.

Labarin gida kaɗan ne. Safiya ta koma makaranta Kandi. Albasar Garou ta yi kyau bana. Abokan tuƙinka suna nan zaune a inuwa kusa da duwan, ofishin kwastan, suna shan shayi, suna kallon gadar iyaka. Ni kuma takabata ta kusa ƙarewa.

Na haɗa motarka. Wato 'yar motar nan da ka sa aka kawo maka daga Kwatano cikin kwali, gutsi-gutsi, wadda ake tuƙawa daga nesa da na'urar hannu. Ka saye ta ne lokacin da hanya ta rufe, tirelarka ta tsaya. Ban taɓa tambayarka dalili ba. Na ga mutum mai furfura yana tsintar ƙusoshi kamar ƙwayar gero cikin faranti, sai na kawar da kai, don kada ka ji kunya. Ko kuwa jira kake in tambaya? Gaban motar kaɗai ka gama, tayoyi biyu da sitiyari, ciwo ya kwantar da kai.

Yinin mai takaba dogo ne. Da masu gaisuwa suka ragu, na buɗe kwalin. Littafin haɗa motar da Faransanci yake, zanensa a fili, na bi shi daki-daki. Na shafa wa haƙoran ƙarfen maiƙo, na ɗura mai cikin 'yan bututun da ke shanye gargada, na liƙa tayoyin baya. Gangar jikin roba ce garau, daga ciki ake yi mata fenti. Na bar ta haka, domin ban san launin da kake so ba. Bayan duk zaman da muka yi, ban sani ba.

Yayarka Hajara ta zo daga Guéné ta tarar da yatsuna baƙi ƙirin. Ta ce mai takaba ba ta wasa. Na aika a tambayi liman. Ya aiko yana tambaya ko ado ne, ko kiɗa. Da aka ce masa ba ko ɗaya, sai ya ce Allah ne masani. Ni ma ban san ko wasa nake ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Motar ta kwalta ce, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, saboda haka na gwada ta bisa simintin tsakar gida. Ba ta tafiya miƙe. Hagu take ja, ta zagaya dalbejiya. Na murɗa maɓallin daidaitawa har ƙarshensa, ta ci gaba da ja. Na cire gangar na duba. Ɗan hannun da ya haɗa sitiyari da ƙaramin injinsa a karkace ka kafa shi. Littafi ya ce a miƙe. Nan ba aikina ba ne, naka ne, kuma ƙusa ɗaya ta riƙe shi.

Kuskure ka yi? Kai da kake gane tayar da iskarta ta ragu da kunne kawai? Idan kuskure ne, to idonka ko hannunka ya gaza tun kafin ka faɗa mini. Ni da ba na karanta labari sai na tabbatar da shi ta baki biyu, ashe ban ga abin da ke faruwa a ɗakina ba. Idan kuma da gangan ne, to ka auna tsakar gidan nan, ka ga babu filin tafiya miƙe, ka yi mota mai zagaye. Wannan ma yana nufin ka san ba za ka sake hawa babbar hanya ba. Wanne zan ɗauka?

Safiya ta ce a waya in gyara, Baba ba ya son karkataccen aiki. Amininka Alhaji Sule ya aiko da saƙo kada in taɓa, wai ba ka taɓa ɗaure ƙusa a banza ba. Su duka biyun sun san ka.

Jiya na ɗora maɗauri bisa kan ƙusar. Ta ɗauru tamau, irin ɗaurinka. Idan na kwance ta, motar za ta miƙe, amma babu sauran abin da hannunka ya ɗaure a gidan nan wanda zan iya tambaya. Na ajiye maɗaurin.

Ana ce mini idan na fita takaba in kai motar hanyar Kandi, ta ɗanɗana kwalta. Ban yanke ba. Yanzu dai da la'asar nakan zauna bisa tabarma in matsa na'urar. Sai ta bar ni, ta ɓace bayan dalbejiya, ta dawo ta tsaya jikin ƙafata. Haka ka riƙa yi mini daga Yamai, daga Kwatano, sai wannan tafiyar.

Allah ya haskaka makwancinka. Ka huta lafiya.

Matarka,
Uwar Safiya