Garin laimar kwaɗin da na ba yayana

Assalamu alaikum masu wannan fili. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, wanda nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni direban babbar mota ne a Parakou. Bara yayana ya yi doguwar jinya, ya tashi amma jiki ya ƙi dawowa, ko mura ce ta gifta ta ƙofar gida sai ta kwantar da shi. Likita ya ce garkuwar jikinsa ce ta yi rauni. Sai aka kwatanta mini wata tsohuwa a Djougou, kowa Goggo yake ce mata. Tana tsinko laimar kwaɗi a gindin suri, ta shanya, ta daka, a riƙa barbaɗawa a kunu. Duk tafiya nakan karɓo masa. Wata uku ko tari bai yi ba, har ya koma rumfarsa a kasuwar Arzeke.

Kwatsam aka sauya mini hanya zuwa kudu, garin maganin kuma ya ƙare. Goggo ta taɓa ce mini, "Ɗana, kada ka kuskura ka tsinka da kanka, ba kowacce ake ci ba." Amma na ce a raina, me tsohuwa ta sani da ni mai yawon duniya ban sani ba? Na tsinko wata a bayan unguwar Banikanni, na shanya, na daka, na zuba a gwangwanin da take zubo mana a ciki, na ce daga Goggo ne. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ƙanena."

Kwana biyu ya fara amai. Yanzu yana asibiti, idanu sun yi rawaya, ko matarsa ba ya ganewa. Likita ya ce hanta ce. Kun kuma san zamanin da muke ciki, ana farautar mayu da sunan juyin juya hali. Matar Yaya ta kai gwangwanin wurin delege, wato wakilin gwamnati na unguwa, ta ce Goggo mayya ce, shi kuma ya kira ni ya ce, "Kamarad, kai ka san gidan matar nan. Ranar Alhamis za ka kai mu." Na ce to. Wallahi to na ce. Tsohuwar da aka kama a layinmu bara, har yau ba wanda ya ga dawowarta.

Tsoro nake ji, kunya kuma ta hana ni kallon mahaifiyarmu. Da wane baki zan ce mata ni ne? In kuwa na yi shiru, ni zan nuna musu ƙofar matar da ba ta yi mana komai ba sai alheri. Yau Talata. Me zan yi?