Na Canza Faifan Kwamfutar Baba

Auta,

Na fita kina ta sharar barci. Ban tashe ki ba, don ba ni da lokacin koke-koke.

Da safe na kwance bayan kwamfutar marigayi Baba, na cire tsohon faifan ajiyar nan mai gurnani, na sa sabon SSD. Yanzu kafin ki ƙifta ido ta buɗe. Sai dai sabon ƙarami ne, aikina kaɗai ya ɗauka. Hotunan Baba da muryarsa da kike kunnawa kullum kina jiƙa matashi da hawaye ba su samu wuri ba.

Kar ki wahalar da kanki neman tsohon. Na goge shi tas, na bai wa mai gyara.

Na san za ki ruga ɗakin Umma kai ƙara. Ki gaida ta.

Kwamfutar tana kan tebur, tana sauke manhajoji. Ki tabbata cajar na jone, kuma kar yatsanki ya taɓa ta.

In muryar mai gida kike marmarin ji, ki jira na dawo.

Yayanki