Baffa Ya Sha Ruwan Randar da Na Haɗa da Kwamfuta

Assalamu alaikum Admin, da ku masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma ku da za ku karanta ku bi ni a hankali, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni. A tsugune nake a gindin darbejiya cikin harabar asibiti ina rubuta wannan, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Ni saurayi ne a garin Ikara, sana'ata haɗa bidiyon biki da suna da walimar sauka. In an yi taro a Makarfi ko Kudan aka ɗauko, ni ake kawo wa in yanka in jera in sa sauti. Da kwamfutar tebur nake aiki, a shagona da ke jikin zauren gidanmu. Duk wanda ya san bazararmu ya san abin da ɗakin kwano yake zama da rana tsaka. Da na ɗora wa kwamfutar nan aiki sai fankarta ta hau ƙugi kamar injin markaɗe, can ta ɗauke ɗif, aikin da na wuni a kansa ya tafi. Amarya na kira, ango na kira, ni kuma ina zaune ina yi wa akwatin ƙarfe fifita da kwali.

A waya na ga yadda wasu suke sanyaya tasu da ruwa. Abin ba wuya a ido: wani ɗan ƙarfe ake ɗaurewa a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke ɗaukar zafin, tiyo ya shiga tiyo ya fita, ƙaramin famfo yana zagaya ruwa ya kwashi zafin ya kai lagireto ya huce. Na sa wani direba ya sayo min ƙarfen da famfon a Kano, tiyo kuwa a nan kasuwa na samu. Lagireton ne ya gagare ni. Ina cikin tunani sai shaiɗan ya raɗa min, me ya kai randa sanyaya ruwa a ƙasar nan? Akwai randar kakarmu a ɗakinta da aka rufe tun rasuwarta, Baba kuma ya ce kada wanda ya taɓa ko tsinke a ɗakin. Na bari ya tafi gona na ɗauko ta, don na san ba ya leƙa shagona, yana ganin matattarar kiɗa ce. Na kafa ta a lungu, na huda faifai na zura tiyo biyu, na kunna. Wallahi ta yi aiki! Kwamfuta ta yi tsit, ta wuni ba ta mutu ba. Ranar har ni kaɗai nake dariya, ina ganin duk Arewa ba mai kaina.

Ba a daɗe ba gansakuka ta fara kama cikin tiyon, ruwan ya fara tafiya da ƙyar. Na kai kuka wurin wani abokina makanike, ya ce, "Kai ma dai, zuba ruwan lagireton mota mana, koren nan. Ba tsatsa, ba gansakuka." Na sayo jarka na tuttula. Kun san randa tana tsotse ruwa, to kullum ta ja ƙasa sai in ƙara mata da koren, har ya zamana shi ya fi yawa a ciki. Da wata tsohuwar moɗa nake aunawa, in na gama in kife ta a kan faifan. Wannan moɗar ita ce ta kashe ni. Wane ɗan Bahaushe ne bai san randa mai moɗa a kai ta kowa ce ba? Wa yake neman izini kafin ya sha ruwan randa? Na sani sarai, amma ko sau ɗaya abin bai zo min a rai ba, saboda a idona ta daina zama randa, ta zama kayan kwamfuta.

Jiya ranar kasuwa ce. Baffana, yayan Baba, ya shigo daga Malikanchi kamar yadda ya saba. Mutumin nan shi ne ya tsaya min lokacin da Baba ya ce in bar wannan sana'a in kama fartanya, shi ya ce a ƙyale yaro ya nemi abincinsa inda Allah ya ajiye masa. Yana da yanar ido, in ya shigo ɗaki daga rana ba ya ganin komai sosai. Na fita sayen mai na janareta na bar ƙofa a buɗe. Ina dawowa na tarar da shi zaune a kan bencina, ya cire hula, moɗar tana hannunsa.

"Injiniya," ya ce yana dariya, haka yake tsokanata, "ashe kai ka sace randar Inna? Ina shafa bakinta na gane ta, ga inda na ɓalgace ta ina yaro."

Na tsaya da galan a hannu. Na ce, "Baffa, sha ka yi?"

"Na sha na ƙara. Rabona da ruwa mai sanyin nan tun tana raye. Amma me ka jefa a ciki ne na ji zaƙi-zaƙi? Mazarƙwaila?"

Jama'a, a nan ne ya kamata in faɗi ƙasa in ce Baffa tashi mu tafi asibiti. Me ya hana ni? Kunya ce, da tsoron Baba, da wata zuciya da ke ce min ai ba komai, ruwa ne kawai mai kala. Sai na ji bakina ya ce, "E Baffa, ɗan kaɗan."

Ya ga yadda fuskata ta canja, ya zaci satar randar ce ta dame ni. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kwantar da hankalinka ɗana. Na yi maka alkawari ubanka ba zai ji daga bakina ba. Uwarmu ce mu duka, ni na ba ka ita."

Ya shiga cikin gida ya ci abinci ya kishingiɗa. Bayan la'asar ya tashi zai yi alwala sai ya hau tangaɗi, maganarsa ta karye kamar ta mashayi. Baffa fa, mutumin da ko goro ya daina ci! Sai amai. Muka ɗauko shi a mota zuwa asibiti kafin magariba. Ina bayan motar na riƙe kansa na buɗe waya na duba abin da ke cikin koren ruwan nan, abin da ya kamata in duba tun ranar da na saye shi. Guba ce. Zaƙinta ne yake yaudarar mutum, ta fara da juya kai, daga nan ta sauka a ƙoda. Kuma na karanta cewa in likita ya san abin da aka sha da wuri akwai abin da ake yi, in aka makara kuwa sai yadda Allah ya yi. Na karanta da idona, na kashe wayar na sa a aljihu.

Yau da safe ya ɗan farfaɗo, likita ya zo ya tsaya a kansa. Ni da Baba muna gefe. Likitan ya ce wa Baffa, "Dattijo, ka sha wani magani ne? Na gargajiya, ko ka taɓa maganin feshi na gona?" Baffa ya girgiza kai. Baba ya sunkuya ya ce, "Yaya, daure ka tuna, me ka ci me ka sha jiya?" Da ƙyar ya ce, "Fura a kasuwa, sai tuwon gidanka, sai ruwa." Likita ya ce, "Ruwan ina?" Baffa ya juyo da kansa wajen da yake jin numfashina, sannan ya ce, "Ruwa dai."

Kun gani? Alkawarinsa yake riƙewa. Yana kwance yana haki, fitsarinsa ya kusa tsayawa, amma yana rufa min asirin randa, bai san abin da yake rufewa shi ne yake cinsa ba. Likitan ya kalle ni ya ce, "Kai fa, ka san wani abu?" Na ce a'a. Wallahi na ce a'a. Na fita na je bayan ɗakin na yi kuka kamar ƙaramin yaro, daga nan na hau mashin na koma gida na haƙa rami na juye ruwan na binne, na kwance tiyon na cusa a ƙarƙashin katifa. Wane irin mutum ne yake yin haka? Ni kaina ban gane kaina ba.

Yanzu Baba ya kafe a kan cewa sammu aka yi wa ɗan'uwansa. A gabana ya ɗaga hannu ya ce, "Duk wanda ya yi wa Yaya wannan, Allah ya isa tsakanina da shi, duniya da lahira." Aka ce amin, har da ni. Kun san nauyin bakin uba. In na faɗa, da wane ido zai kalle ni, ni da na karya maganarsa, na shayar da yayansa guba, na kuma yi ƙarya a gaban likita? 'Ya'yan Baffa da muka tashi tare fa? Garin nan zai zaunu gare ni? In kuma na yi shiru ya tafi, ina zan kai wannan ran gobe ƙiyama? Har na yi tunanin in tura wa likitan saƙo da wata lambar da ba a sani ba, amma wa zai ɗauki saƙon da ba suna, kuma mutum nawa ne suka san inda Baffa ya zauna jiya?

An ce a wuce da shi babban asibiti a Zariya, Baba ya tafi neman mota. Ɗazu na shiga na zauna kusa da shi, leɓɓansa duk sun tsage. Ya laluba ya kamo hannuna, ya jawo ni kusa da bakinsa don kada wani ya ji, ya ce, "Injiniya, ruwan nan nasu ba ya kashe min ƙishi. In ka faki idon ubanka, ɗebo min na randar Inna a gora."

Na ce to, Baffa.

Ga shi ina hango motar ta shigo ƙofar asibiti, likitan kuma yana ofishinsa bai fita ba tukuna. Don Allah, don Annabi, ku faɗa min da wace kalma zan fara, kuma wa zan fara tara, likita ko Baba? Me zan yi?