Wuri a Gefen Baba

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki, ya su Auta? Ni lafiya lau, sai dai tunanin Baba, da yake ban samu zuwa jana'izarsa ba.

Ranar Lahadi bayan coci, tsohuwar da nake kula da ita ta kai ni kabarin mijinta. Ta nuna mini inda za a sa ta a gefensa, tana dariya: "'Yata, tunda Yesu ya tashi, mu ma za mu tashi. Mutumin nan idonsa ba ƙarfi, kada ya wahala wajen nemana."

Duk littattafan soyayyar da kike mini faɗa a kansu, babu mai irin wannan.

Ina jin kunyar tambaya, Mama: an bar miki wuri a gefen Baba? Amma don Allah kada ki yi sauri.

'Yarki