Taken da Inna Take Lugude da Shi

Baba,

Sallama da gaisuwar girmamawa. Na san ba mai kai maka wannan, amma bakina ya gaji da riƙe maganar nan.

Inna na da cikina ka fita daga Wurno da 'yan baka zuwa yaƙin Gobirawa. Da aka binne shahidai ba a ga gawarka ba, sai gari ya ce gudu ka yi. Da wannan gorin na girma, na kuma ji haushinka ƙwarai. Inna kuwa ta ƙi takaba, ta ƙi aure, ta ce sai an gaya mata inda ka faɗi. Yanzu ƙafa ta ƙi ta, ni kuma na rantse ba za ta tafi da wannan tambaya ba.

Bana da muka cire albasa na bi tsofaffin mayaƙa har Rabah da Gandi, ina tambayar Mamman na Wurno. Baba, mi ya sa kowane gida yana da Mamman da ya tafi yaƙi? Dariya aka yi ta yi mini.

A Goronyo aka haɗa ni da wani tsohon makaɗi makaho. Ya ce su a fagen fama ba su san kowa da sunan yanka ba, sai da takensa na ganga. Can na tuna wani lugude da Inna take yi ita kaɗai in tana daka, wanda ba ya cikin na sauran mata. Na buga masa shi a gwiwa. Tsoho ya riƙe hannuna, ya ƙarasa sauran da kansa, ya ce wannan takenka ne.

Ya ce da idonsa ya gan ka, lokacin yana gani. Ka riga ka ƙetare gulbin Rima, ka koma ɗauko wani mai rauni. Kibiya ta same ka a tsakiyar gulbi, ruwa ya tafi da ku duka.

Ranar Juma'a zan kawo tsohon nan Wurno a kan jakina, ya faɗa a ƙofar masallaci, masu gori su ji da kunnensu.

Inna na fara gaya wa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in tayar da ita, ta yi wanka, jiya ta shiga takabarka da furfurarta.

Allah ya jiƙan ka, ya sa ka cikin shahidai.

Ɗanka da ba ka gani ba,
Garba